Gidan Taurari Uku a Samaniyar Bagudo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, ko a Illo, ko Lolo, ko Ka'oje, ko Tsamiya da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ya san cewa idan damina ta ɗauke, ƙurar hunturu kuma ba ta riga ta sauko ba, samaniya takan cika maƙil da taurari. Manoma da masunta da makiyayan wannan yanki sun daɗe da sanin wasu daga cikinsu, kamar Zara da Kaza da 'ya'yanta. Amma akwai dubbai da ba su da suna a bakin jama'a. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, wani ɗan ɗigon haske ne da ke arewacin samaniya, wanda ido ba ya kama shi sai da ƙyar. Masana ilmin taurari suna kiransa 16 Cygni, ana furta sunan “Signi”.

Wannan ɗigo taurari uku ne a haɗe. Biyu daga cikinsu sun yi kama da Rana ƙwarai da gaske, har akan ce da su tagwayen Rana. Ɗaya daga cikin tagwayen nan yana da wata ƙatuwar duniya da ke zagaya shi, wadda aka gano a shekarar 1996. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda gidan taurarin yake, da yadda aka gano duniyar ba tare da an gan ta ba, da kuma dalilin da ya sa hanyar zagayenta ta karkace. Daga nan sai a dubi tambayar da ta fi damun masana ilmin halittu, wato ko kamannin tauraro da Rana ya isa ya sa a sami wurin da rai zai iya zama a kusa da shi.

Tauraro, duniya da ma'aunin nisa

Tauraro wani dunƙulen iska ne mai tsananin zafi, akasarinsa haidurojin da hiliyam, wanda ke samar da haskensa da kansa. Rana ita ma tauraro ce, kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a ido. Ita kuwa duniya ba ta da hasken kanta, zagaya tauraro take yi, tana maido da hasken da ya faɗo mata. Zara, alal misali, duniya ce, ita ce ta biyu daga Rana, wadda malaman falaki ke kira Zahratu. Mafi girma a cikin duniyoyi takwas da ke zagaya Rana ita ce Mushtari, wadda nauyinta ya ninka na Duniyar nan sau 318. Hanyar da duniya ke bi wajen zagaya tauraronta ita ake kira falaki.

Kilomita ba ta da amfani sosai wajen auna nisan sararin samaniya, domin lambobin sukan yi tsawo har su fi ƙarfin tunani. Saboda haka masana suna da ma'aunai biyu. Na farko shi ne nisan da ke tsakanin Rana da Duniyar nan, kimanin kilomita miliyan 150. A cikin wannan maƙala za a kira wannan nisa zango ɗaya, aro daga fataken da suke ƙetare Kwara a wajen Illo a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ke lissafin tafiya da yawan zangon da suka yada. Na biyu shi ne shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a cikin shekara guda. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, yana isowa daga Rana cikin minti takwas da daƙiƙa ashirin. A shekara kuwa yakan ci kimanin kilomita biliyan 9,460.

Taurarin 16 Cygni suna nisan shekarar haske 69 daga nan. Ma'anar wannan ita ce, hasken da ya shiga idon mai kallo a Lolo a shekarar 2025 ya baro can ne wajen 1956, kafin Nijeriya da Dahome, wadda ta zama Benin, su sami mulkin kai a 1960. Hasken da ya tashi daga Rana ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, 27 ga Agusta 1991, sai wajen 2060 zai isa can.

Mazauna gidan

Rana ita kaɗai take, ba ta da abokin zama. Wannan ya sa ɗalibai da yawa suke zaton haka kowane tauraro yake. Ƙidayar da masana suka yi wa taurari masu kama da Rana da ke kusa ta nuna cewa kusan rabinsu suna da abokan zama, wasu bibbiyu, wasu uku-uku, wasu ma fiye da haka, ƙarfin janyowa ya ɗaure su suna zagaya juna.

A gidan 16 Cygni, an sa wa taurarin haruffa A da B da C. Tauraro A shi ne babba. Nauyinsa ya ɗara na Rana kaɗan, haskensa kuwa ya kai ninki ɗaya da rabi na haskenta. Tauraro B ya fi kusa da Rana a kamanni, nauyinsu kusan ɗaya ne, haskensa ya ɗara nata da kamar kashi ɗaya bisa huɗu. Zafin fuskar kowannensu yana wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyas, kamar dai na Rana, shi ya sa launinsu ya zo ɗaya da nata. Tauraro C ɗan ƙarami ne, ja, mai raunin haske, yana maƙale kusa da A, a nisan da ya kai zango 70 da 'yan kai.

Tsakanin A da B akwai tazarar da ba ta gaza zango 840 ba. Domin a gane girman wannan tazara, Naftun, duniya ta ƙarshe a gidan Rana, zango 30 ne tsakaninta da Rana. Saboda wannan nisa, zagaye ɗaya da A da B ke yi wa juna ba ya ƙarewa sai bayan dubban shekaru, lissafin masana ya nuna aƙalla shekara 18,000.

An kuma san shekarun tagwayen. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2009, ta daɗe tana auna ɗan motsin da haskensu ke yi. Taurari suna da rawar jiki a cikinsu, kamar yadda fatar ganga ke karkarwa, kuma kamar yadda makaɗi ke gane girman ganga daga amonta, haka masana ke gane nauyin tauraro da shekarunsa daga wannan karkarwa. Sakamakon ya nuna shekarun A da B sun kai wajen biliyan bakwai. Rana kuwa shekarunta biliyan 4.6 ne. Ke nan yayyen Rana ne, kuma duk abin da zai faru a gidansu ya sami isasshen lokacin faruwa.

Yadda aka gano duniyar da ba a gani

Duniyar da ke zagaya tauraro B ana kiranta 16 Cygni Bb. Babban harafin na tauraron ne, ƙaramin kuwa na duniyar. Har yanzu ba a ɗauki hotonta ba, domin hasken tauraron ya rufe ta, kamar a ce a hango ƙwaro a gefen fitilar mota daga nesa. Abin da aka gani shi ne tangaɗin da take sa tauraron yake yi.

Idan babban mutum ya riƙe hannun ƙaramin yaro suka yi ta juyawa, yaron ne zai yi babban zagaye, amma shi ma babban ba zai tsaya cik ba, zai riƙa ɗan karkata baya yana yin ƙaramin zagaye. Haka tauraro da duniyarsa suke. Mushtari tana sa Rana tangaɗi da gudun kimanin mita 12 a daƙiƙa, Duniyar nan kuwa santimita tara kacal take iya motsa ta. Idan tauraro yana irin wannan tangaɗi, to, wani lokaci yana matsowa wajen mai kallo, wani lokaci yana ja da baya.

Ana gane wannan motsi ta hanyar da duk wanda ya tsaya a bakin titi ya sani. Idan babur ya taho da gudu yana ham, sautin yakan yi tsini, idan ya wuce kuma sai ya yi kauri. Haka ma ƙarar injin jirgin ruwa a Kwara. Christian Doppler, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya yi bayanin wannan a 1842, kuma abin ya shafi haske kamar yadda ya shafi sauti. Idan aka tarwatsa hasken tauraro ya zama launuka irin na bakan gizo, za a ga wasu siraran baƙaƙen layuka a cikinsa. Idan tauraron yana matsowa, layukan sukan gusa wajen shuɗi, idan yana ja da baya su gusa wajen ja. Daga yawan gusawar ake lissafin gudunsa.

Da wannan dabara Michel Mayor da Didier Queloz na Jami'ar Janeba ta Suwizalan suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro mai kama da Rana, wato 51 Pegasi b, a watan Oktoba na 1995, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2019. Shekara guda bayan haka, a 1996, ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka suka haɗa awonsu na tauraro 16 Cygni B. William Cochran da Artie Hatzes suna aiki a cibiyar duban taurari ta McDonald a jihar Teksas, Geoffrey Marcy da Paul Butler kuwa a cibiyar Lick ta Kalifoniya. Awon ya nuna tauraron yana tangaɗi da gudun kimanin mita 50 a daƙiƙa, wato kilomita 180 a awa, kuma tangaɗin yana maimaita kansa duk bayan kwana 800. Daga nan aka lissafa cewa nauyin duniyar bai gaza ninki 1.7 na Mushtari ba, wato ya fi na Duniyar nan sau 500. An ce “bai gaza ba” ne domin wannan dabara tana auna motsin da ke fuskantar mai kallo kawai, idan falakin ya jirkice daga idonsa, ainihin nauyin zai fi haka.

Falaki mai siffar ƙwai

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne siffar falakin. Duniyoyin gidan Rana suna bin hanyoyi masu kusan da'ira. Masana suna auna karkacewar falaki da lamba daga sifiri zuwa ɗaya. Sifiri cikakkiyar da'ira ce, duk sa'ad da lambar ta doshi ɗaya kuwa, falakin yana ƙara miƙewa ne. Ta Duniyar nan 0.017 ce, ta Mushtari 0.05. Ta 16 Cygni Bb kuwa wajen 0.68 ce, kuma a lokacin da aka gano ta babu wata duniya da aka sani mai karkacewa haka.

Matsakaicin nisanta daga tauraronta zango 1.68 ne. Amma idan ta matso takan zo har zango 0.54, wato ta fi yadda Zara take kusa da Rana, idan ta yi nisa kuma takan kai zango 2.8, ta wuce falakin Marriku nesa ba kusa ba. Hasken da ke sauka a kan abu yana raguwa ne bisa nisa sau nisa. Idan nisa ya ninka biyu, hasken zai koma kashi ɗaya bisa huɗu. Da yake mafi nisanta ya ninka mafi kusancinta fiye da sau biyar, hasken da take samu a kusa ya ninka na nesa fiye da sau 25. A kusa tana samun fiye da ninki huɗu na abin da Duniyar nan ke samu daga Rana, a nesa kuwa kashi ɗaya bisa shida kacal.

Bugu da ƙari, lokutan nan ba daidai suke ba. Johannes Kepler ya nuna tun 1609 cewa duniya takan yi sauri idan ta kusanci tauraronta, ta yi nawa idan ta yi nisa. A cikin kwana 800 na shekararta, kimanin kwana 100 kawai take yi a ƙasa da zango ɗaya, alhali tana shafe kusan kwana 500 a bayan zango biyu. Ke nan bazara ce gajeriya mai ƙuna, sai dogon hunturu.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu a tsakanin ɗalibai, na cewa zafi da sanyin shekara a Duniyar nan daga kusanci da nisan Rana suke. Duniyar nan ta fi kusa da Rana a farkon watan Janairu, kilomita miliyan 147, daidai lokacin da mutanen Bagudo ke jin ɗumi saboda sanyin hunturu. Ta fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152, ana tsakiyar damina. Bambancin hasken bai wuce kashi bakwai cikin ɗari ba. Abin da ke kawo sauyin yanayi shi ne jirkicewar Duniyar nan da digiri 23 da rabi, wadda ke sa Rana ta karkata arewa ko kudu, iskoki su bi ta, mai laima daga Tekun Atlantika ta kawo ruwa, busasshiya daga Sahara ta kawo ƙura. A 16 Cygni Bb ne nisa ke mulkin yanayi.

Hannun maƙwabci

Masana sun yi ittifaƙi cewa duniyoyi suna samuwa ne daga wani faifan iska da ƙura da ke kewaye tauraro sa'ad da yake sabo. Abin da ya fito daga irin wannan faifai ya kamata ya bi hanya mai kusan da'ira. To, me ya karkatar da wannan duniya?

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 1997 masana uku, Matthew Holman da Jihad Touma da Scott Tremaine, suka nuna ta hanyar lissafi cewa tauraro A zai iya yin wannan aiki duk da nisansa. Sun dogara ne da wata ƙa'ida da Mikhail Lidov na Tarayyar Sobiyet da Yoshihide Kozai na Japan suka gano, kowa da kansa, a farkon shekarun 1960. Ƙa'idar ta ce idan falakin ƙaramin abu ya jirkice daga falakin wani babban abu na nesa da fiye da digiri 39, to, janyowar na nesan za ta riƙa sauya siffar falakin a hankali. Jirkicewar takan ragu, miƙewar ta ƙaru, daga baya abin ya juyo, haka dai har abada. Janyowar A a kan duniyar ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da ta B, amma tana aiki ta fuska guda cikin miliyoyin shekaru, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Akwai wata duniyar da ta ƙarfafa wannan bayani. HD 80606 b, wadda aka gano a 2001, ita ma tana zagaya ɗaya daga cikin tagwayen taurari masu kama da Rana, kuma karkacewar falakinta ta kai 0.93. Sai dai wasu masana suna ganin akwai hanya ta biyu, wato manyan duniyoyi biyu ko uku su yi ta fizgar juna har a cilla ɗaya waje, wadda ta rage ta zauna a karkace. Ta kowace hanya abin ya faru, sakamakon ɗaya ne ga maƙwabtanta. Lissafin kwamfuta da aka buga a 2007 ya nuna cewa ƙaramar duniya ba za ta daɗe a kewayen tauraro B ba sai idan tana ƙasa da zango 0.3, inda zafi ya yi yawa. Duk wadda ta zauna a zango ɗaya, kamar yadda Duniyar nan take, ƙatuwar za ta ratsa hanyarta sau biyu a kowane zagaye, har ta fizge ta ta jefar.

Ko rai zai iya zama a can?

Duk mai rai da aka sani, daga ƙwayar cuta zuwa giwa, yana bukatar ruwa a narke, domin a cikin ruwa ne sinadaran jiki ke haɗuwa su yi aiki. Idan zafi ya yi yawa, furotin da ke tafiyar da aikin jiki yakan lalace, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a tukunya ba ya komowa. Idan sanyi ya yi yawa kuma, ruwan da ke cikin ƙwayoyin halitta yakan zama ƙanƙara ya fasa su. Shi ya sa masana ke neman duniyoyin da ke tazarar da ruwa zai zauna a narke.

Ita kanta 16 Cygni Bb, bisa nauyinta, dunƙulen iska ce irin Mushtari, ba ta da doron da za a taka, balle kogi ko fadama. Saboda haka hankali yakan koma kan watanni. Mushtari tana da watanni fiye da 90, ɗaya daga cikinsu, Ganimid, ya fi duniyar Uɗaridu girma, wani kuma, Yuropa, akwai hujjoji masu ƙarfi cewa yana da teku a ƙarƙashin ƙanƙara. Ba a gano wata ko ɗaya a kewayen 16 Cygni Bb ba, amma ana iya tambayar yadda zama zai kasance a kan irinsa.

Halittun bakin Kwara suna da darasi a kan wannan. Gaiwa, kifin nan mai huhu, idan fadama ta fara ƙafewa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da majina wadda ke bushewa ta zama kube, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, ta rage aikin jikinta ƙwarai, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Kuka takan zubar da ganye ta riƙe ruwa a gangar jikinta. Irin ciyawa yakan kwanta a busasshiyar ƙasa har ruwan farko. Rai ya san dabarar jiran lokaci. Amma gaiwa tana tsira ne domin rani yana da iyaka, zafin lakar ba ya kai na tafasa, damina kuma tana dawowa a kan kari. A watan da ke bin 16 Cygni Bb, halitta za ta jure daskarewar fiye da shekara guda, sa'an nan ta jure hasken da ya ninka na watan Afrilu a Bagudo sau huɗu. Abin da zai iya sassauta wannan shi ne teku mai zurfi, domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, kamar yadda yashin bakin kogi ke ƙona ƙafa da azahar alhali ruwan yana da sanyi. Idan aka raba hasken shekararta daidai, zai kama kamar kashi 60 cikin ɗari na abin da Duniyar nan ke samu, wato tsakanin nata da na Marriku.

Duk da haka, mutane sun aika da saƙo gidan. Ranar 24 ga Mayu 1999 aka harba saƙon rediyo zuwa 16 Cygni A daga babbar na'urar Yebfatoriya da ke yankin Kirimiya. Zai isa wajen 2068.

Yadda za a gan shi daga Bagudo

Bagudo tana kimanin digiri 11 arewa da layin da ya raba Duniya biyu, kuma wannan matsayi yana ba mai kallo damar ganin taurarin arewa da yawancin na kudu. Watan Oktoba ya fi dacewa da neman 16 Cygni, bayan sallar lisha, a daren da babu farin wata, nesa da fitilu. A ɗaga kai sama a fuskanci arewa maso yamma, za a ga taurari uku masu haske sun yi siffar murhu mai faɗi. Sunayensu daga Larabci suke: Vega mafi haske, da Altair, da Deneb. Deneb yana nufin wutsiya, domin Larabawa sun ga siffar kaza a tarin taurarin da yake ciki, Turawa kuwa suka ga wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan'uwan dinya, wanda daga sunansa na Latin aka sami Cygni. Tsuntsun ya buɗe fukafukai biyu. A bi fiffiken da ke ɓangaren Vega har a zo tauraro mai haske na farko a kansa. Daga nan a miƙa hannu a auna faɗin yatsu uku zuwa arewa, za a tarar da wani matsakaicin tauraro, a gefensa na gabas kuma, tazarar ɗan ƙaramin yatsa, ga 16 Cygni. Ido zai gan shi ɗigo ɗaya. Ƙaramar na'urar hangen nesa za ta raba shi biyu, A da B, masu launi ɗaya.

A watan Yuni kuma, wajen ƙarfe tara na dare, idan hadari ya yi sarari, ana ganin Alpha Centauri can ƙasa-ƙasa a kudu, kamar digiri 18 daga doron ƙasa. Shi ne gidan taurari mafi kusa da Rana, nisan shekarar haske huɗu da 'yan kai, kuma shi ma taurari uku ne, biyu masu kama da Rana da ƙaramin ja guda. Ba a ganinsa daga Janeba ko Landan. A watan Agusta na 2025 masana suka ba da sanarwar cewa na'urar James Webb ta hango alamar wata ƙatuwar duniya a kusa da babban tauraronsa, suka kuma ce sai an sake ganinta kafin a tabbatar.

Aikin aji

Malami zai iya zana falakin 16 Cygni Bb a filin makaranta, a ɗauki mita ɗaya a matsayin zango ɗaya. A kafa turaku biyu, tsakaninsu mita 2.28. A ɗaure bakin igiya a kowane turke, yadda tsawon igiyar tsakaninsu zai zama mita 3.36. A sa tsinke a ja igiyar ta miƙe, a zagaya ana zane a ƙasa. Turke ɗaya shi ne tauraro B. A kewaye shi da da'ira mai nisan mita ɗaya a matsayin falakin Duniyar nan, ɗalibai su ga inda hanyoyin biyu suka gitta juna. A wannan ma'auni tauraro B bai fi ƙwayar gurjiya ba, duniyarsa kamar ƙwayar yashi, tauraro A yana nisan mita 840, Rana kuwa tana nisan kilomita 4,300 da 'yan kai, wato fiye da nisan Bagudo zuwa Makka a miƙe.

Kammalawa

A watan Satumba na 2025 yawan duniyoyin da aka tabbatar a wajen gidan Rana ya haura 6,000, kuma da dama daga cikinsu suna gidajen taurari biyu ko uku. 16 Cygni yana cikin na farkon da suka nuna cewa samun tauraro mai kama da Rana bai wadatar ba. Tauraro B yana da zafin da ya dace da shekarun da suka isa, amma ƙatuwar duniyarsa ta share wurin da ƙaramar duniya mai ruwa za ta zauna, kuma akwai hujjar cewa maƙwabcinsa A ne ya karkatar da ita. A gidan Rana babu tauraro na biyu, Mushtari kuma tana zango biyar a kan falaki mai kusan da'ira, ba ta ratsa hanyar Duniyar nan. Wannan natsuwa tana cikin dalilan da suka sa ruwa ya zauna a narke a doron ƙasa shekaru biliyoyi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tauraro da duniya? A wane rukuni Zara take?
2. Me ya sa ake sanyi a Bagudo a watan Janairu alhali a lokacin ne Rana ta fi kusa?
3. Idan nisan duniya daga tauraronta ya ninka uku, kashi nawa na hasken zai rage mata?
4. Yi bayanin yadda ham ɗin babur ke taimakawa wajen fahimtar yadda aka gano 16 Cygni Bb.
5. Kawo halittu biyu na yankinku, ban da gaiwa da kuka, ka bayyana yadda suke tsallake rani.